Ƙaramar Kyamara Ko Mai Canjin Gilashi: Wacce Za Ka Saya?

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa da niyyar sayen kyamara, tambayar da yakan fara yi ita ce, "Wacce ta fi kyau?" Mai shago kuwa amsarsa a shirye take: wadda ta fi tsada a cikin kantarsa. Don haka kafin ka je gabansa, zauna ka tambayi kanka: wane hoto nake so in ɗauka wanda wayar da ke aljihuna ta kasa ɗauko mini? In ba ka da amsa, riƙe kuɗinka tukuna. In kana da ita, ita ce za ta yi maka zaɓi.

Kyamarorin da ake magana a kansu iri biyu ne. Akwai ƙarama wadda gilashinta yake a manne da jikinta, ba ya cira: ka kunna ta ya leƙo, ka kashe ya koma ciki. Irin su Canon IXUS da PowerShot, da Sony Cyber-shot, da Nikon Coolpix ke nan. Ɗaya irin kuma kashi biyu ce, bodi daban, gilashi daban, wanda masu sana'a ke ce wa lens. Ka danna maɓalli, ka murɗa, ka cire wannan ka ɗaura wancan. Ita ma ta rabu gida biyu. Akwai DSLR, mai madubi a ciki wanda yake ɗagawa da ƙara "karas" duk lokacin da aka ɗauki hoto, irin su Canon 600D da Nikon D3500 da ake gani rataye a wuyan masu hoton biki. Akwai kuma marar madubi, wadda ta fara fitowa a 2008 da Panasonic G1, kuma tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ƙarfinsu gare ta.

Waya ta riga ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori masu araha. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamarori ta Japan, sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarorin zamani sama da miliyan 120, amma a 2023 abin bai kai miliyan 8 ba, kuma ƙananan ne suka fi shan kashi. Dalili a fili yake: ƙaramar kyamara mai araha ba ta fi matsakaiciyar wayar yau komai ba, in ban da iya jawo abin da ke nesa. Da daddare ma waya ta fi ta, domin waya takan ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗe su zuwa guda ɗaya mai haske. Saboda haka in aka ce "ƙaramar kyamara" a yau, sai ka tambaya wacce daga ciki.

Abin da ke raba su yana can ciki, bayan gilashi, inda ido ba ya gani. Wani ɗan faranti ne mai suna sensa, shi ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, wato shi ya gaji fim na da. Girmansa shi ne kusan komai. A ƙananan kyamarori masu araha, tsawonsa bai wuce milimita 6 da 'yan kai ba, faɗinsa kuma wajen 4 da rabi. A takardar kyamarar za ka ga an rubuta 1/2.3. A ƙanana masu daraja, irin su Sony RX100 da ta fito a 2012 da Canon G7 X, akwai wanda ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, kusan ninki huɗu na wancan. Yawancin masu canjin gilashi da talaka zai iya kaiwa gare su suna ɗauke da APS-C, wajen milimita 23 da 15, wanda ya ninka na inci ɗaya sau uku, ya ninka ɗan ƙaramin can fiye da sau goma. Sai babban yaya, mai girman tsohon fim, milimita 36 da 24, da ke cikin su Canon 5D da Sony A7.

Da rana tsaka a filin Idi, ba lallai ka ga bambanci ba, haske ya wadaci kowa. Shiga da su falon da ake kamun amarya bayan magariba, ƙwan fitila ɗaya a sama, janareta na ta ƙugi, nan za ka gane. Ƙaramin sensa zai ba ka fuska mai tsakuwa-tsakuwa, launin leshi ya caɓe, wadda ta ɗan motsa hannu kuma ta fito kamar inuwa. Babban sensa zai riƙe zaren leshin da zanen lallen. Wannan ne ya sa maganar megafiksel da mai shago yake ta nanatawa ba ta da nauyin da ake ɗora mata. Kyamarar aljihu mai megafiksel 20 a kan ɗan ƙaramin sensa ba za ta kama ƙafar tsohuwar DSLR mai 16 ko 18 ba. Ko 12 ma sun isa a wanke hoton da za a sa a firam a rataye a falo. Ka tambayi girman sensa. In mai shago ya yi shiru, ɗauki sunan kyamarar ka duba a intanet a tsaye a wurin.

Sai gilashi. Lambobi iri biyu ake rubutawa a bakinsa. Na farko da milimita, yana nuna faɗin abin da yake gani: 24 ko 28 na ɗaukar ɗaki gaba ɗaya, 50 ya yi kusa da yadda ido ke gani, 85 na hoton fuska ne, 200 zuwa sama na jawo nesa. Na biyu yana zuwa da harafin f, shi ne girman ƙofar da haske ke shiga, kuma a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin da ake haɗowa da yawancin DSLR a kwali, 18-55, in ka jawo shi ƙarshe ƙofarsa f/5.6 ce. Gilashin 50 mai f/1.8, wanda yake cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Shi ne kuma yake narkar da abin da ke bayan mutum, ya bar fuska tar, bango da kujerun roba da igiyar shanya duk su dusashe. Mutane da yawa wannan kamannin suke nema in sun ce suna son "hoto irin na masu sana'a", sai su sayi babbar kyamara da gilashin kwali, su yi ta mamakin me ya hana su samu. A gilashi abin yake.

Sai dai a lura, a kan sensa APS-C, gilashi yakan matse: a ninka lambar da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, da 1.6 a Canon. Wato 50 ɗin nan ya koma 75 ko 80. A tsakar gida ba laifi, amma a ɗakin amarya, inda gado da sif suka cinye fili, za ka ja baya har ka jingina da bango ba ka samu mutum uku sun shiga hoto ba. Mai Nikon ya fi dacewa ya nemi 35 mai f/1.8.

A nan ƙananan masu daraja suna da abin faɗa. Canon G7 X Mark II da Mark III suna da gilashi daga 24 zuwa 100, ƙofarsa daga f/1.8 zuwa f/2.8, duk a cikin abin da bai fi giram 300 da kaɗan ba, ya shige aljihun kaftani. Wannan babbar ƙofa tana rage tazarar da ke tsakaninta da DSLR mai gilashin kwali sosai. Akwai ma waɗanda aka cusa wa sensa APS-C sukutum, kamar Ricoh GR III da Fujifilm X100VI, amma gilashinsu ba ya jawowa ko kaɗan, ƙafarka ce za ta kai ka kusa, kuɗinsu kuma ya fi na masu canjin gilashi da yawa. Ƙarami a nan ba ya nufin araha. 'Yan shekarun nan ma matasa a TikTok sun taso wa G7 X da X100 da so, har ta hannu ta yi tsadar da ba ta dace da shekarunta ba.

To wa ya kamata ya sayi wacce?

Wanda yake son ya ci abinci da hoto, na biki da suna da walimar sauka da taron siyasa, ba shi da wani dogon zaɓi: mai canjin gilashi zai saya. Yana bukatar filas na ɗorawa a sama wanda zai juya kansa ya haska silin hasken ya sauko a hankali, maimakon ɗan filas na jikin kyamara da ke wanke fuska ya bar goshi yana ƙyalli. Yana bukatar kyamarar da in ya danna take ɗauka nan take, domin ango ba zai sake saka wa amarya zobe don an makara ba. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a littafin kowace kyamara ba: uwar biki da ta biya kuɗi ba ta son ganin mai hoto ya zaro abu daga aljihu. Ko da hotonsa zai fi kyau, zuciyarta ba za ta kwanta ba. Haka kasuwar take, mai neman kuɗi kuma ba ya jayayya da ita.

Mai son hawan Sallah ma haka. Wanda ya taɓa tsayawa a cikin cunkoson Ƙofar Kudu a Kano ranar Hawan Daushe ya san ba a matsawa kusa da doki, kuma mahayan da suka zaburo ba sa jira. Gilashin 55-250 na Canon ko 70-300 na Nikon a kan bodi mai saurin kama abin da ke motsi shi ne maganin wurin. Akwai wasu kyamarori masu mannannen gilashi da ke jawo nesa fiye da hankali, kamar Nikon P900 mai ninki 83 da P1000 mai ninki 125, wadda za ta cika maka hoto da farin wata. Amma ɗan ƙaramin sensan nan ne a cikinsu, rana na yin sanyi hotonsu ya fara lalacewa, P1000 kuma nauyinta ya kai kilo 1.4, wato sunan ƙarama kawai ta ci. Ga mai kallon tsuntsaye da rana a dausayin Nguru, tana da amfani. Ga kowa da kowa, a'a.

Mai sayar da atamfa, ko kek, ko turaren wuta a Instagram kuwa, shawarata ta dakata. Kayanta ba sa gudu, kuma hoton a fuskar waya za a kalle shi. Ta shimfiɗa kayan kusa da taga da hantsi, ta goge idon wayarta, ta sa farin kwali a gefe ya mayar da haske, za ta ga canjin da kyamarar dubban ɗaruruwa ba za ta ba ta a ɗaki mai duhu ba. In kasuwa ta buɗe har tana son bidiyo mai kyau, sai ta duba irin Sony ZV-1.

Magidanci mai son hoton yaransa, da matafiyi, da malamin da ke zagaya ƙauyuka don bincike, su ne mutanen ƙarama mai sensa inci ɗaya. Nikon D3500 da gilashinta na kwali sun haura giram 600, ga jaka, ga igiya a wuya. Watan farko za ka riƙa fita da ita ko'ina. Daga baya sai ranar Sallah, daga nan kuma sai saman sif. Ƙaramar kuwa tana tare da kai, kuma ba ta tsorata mutane. Ɗaga babbar kyamara a kasuwar ƙauye, sai kowa ya gyara tsayuwa, wani ya rufe fuska, wani ya taso yana tambayar wa ya aiko ka. Da ƙaramar, bayan ka yi sallama ka nemi izini, mutane sukan manta da kai su ci gaba da harkarsu. Neman izinin dai babu makawa, musamman wajen mata, kuma kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro a mayar da kowace iri cikin jaka.

Mai niyyar bidiyo ya duba abu biyu da ido. Na ɗaya, ramin makirufo: Canon 600D da Nikon D5300 suna da shi, amma Canon 2000D da Nikon D3500 ba su da shi, a ƙanana kuma sai irin G7 X Mark III da RX100 VII da ZV-1. Na biyu, kyamarori da yawa na shekarun baya suna yanke ɗauka da kansu kafin minti 30 ya cika. Ga mai ɗaukar wa'azi ko lacca, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Yanzu maganar kuɗi, inda mutane suka fi faɗawa rami. Ƙaramar kyamara ka biya sau ɗaya an gama, sai memori da ɗan batir na ajiya. Mai canjin gilashi kuwa kamar aure ce, lefe ba shi ne ƙarshen hidima ba, kuma dangin da ka shiga da su za ka zauna. Kowane kamfani da irin bakin da gilashinsa ke ɗaurawa: na Canon ba ya hawa Nikon, na Nikon ba ya hawa Sony. Ko a gida ɗaya ma akwai ɓangarori. Canon na da EF tun 1987, da EF-S wanda ba ya hawa manyan bodinta irin 5D, da RF na marasa madubi, da EF-M wanda ta daina yi, gilashinsa kuma ba ya hawa RF. Nikon na da F tun 1959, da Z na zamani. Tsofaffin gilasan EF da F suna aiki a kan sababbin bodi ta hanyar zoben haɗi, wannan ya sa sayensu bai zama asara ba. Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa: Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin saita gani a bodi, don haka gilashin 50 mai f/1.8D, wanda ya fi araha, zai hau daram amma ba zai saita kansa ba, sai da hannu. Mai harafin G, wanda aka rubuta wa AF-S, shi ake nema.

Saboda haka kada ka zuba duk kuɗinka a bodi. Ka raba: bodi na hannu mai lafiya, gilashi ɗaya mai babbar ƙofa, filas, batir biyu, memori biyu, jaka. Bodi yakan tsufa, gilashi mai kyau kuwa yakan yi wa bodi uku hidima. Ka kuma duba abin da masu hoton garinku suke riƙewa. In duk Canon ne, sayen Canon na nufin za ka sami aron batir ranar da naka ya mutu a tsakiyar biki, ka sami hayar gilashi, ka sami mai gyara da ya san cikinta. Wannan ya fi duk wani fifikon da za ka karanta a takarda.

Ƙasarmu ma tana da nata sharaɗin. Ƙurar hunturu ba ta barin kowa. Duk lokacin da ka cire gilashi ka buɗe mata ƙofa, marar madubi kuma ta fi saurin kamuwa don sensanta a tsirara yake. Dabarar ita ce ka kashe kyamara, ka juya wa iska baya ko ka shiga mota, ka kifa bakin bodi ƙasa, sabon gilashin yana shirye a hannu, ka sauya cikin daƙiƙa kaɗan. Kada ka hura da baki, kada ka sa gefen riga. Akwai ɗan famfon roba na hura iska da ake sayarwa don haka. Kada kuma ka ɗauka ƙaramar ta tsira. Gilashinta mai fita da komawa yana zuƙar iska, ƙura ta bi ta shige, kuma in ta zauna a kan sensa sai an kwance kyamarar gaba ɗaya, alhali mai canjin gilashi cikin minti biyar ake share ta. Ƙwayar yashi ɗaya ma takan maƙale gilashin ya ƙi fita ya ƙi komawa. Ƙaramar kyamara a cikin 'yar jakarta take zama, ba tsirara cikin aljihu tare da goro da makulli ba. Wanda aikinsa na cikin ruwa da laka da yashi ne, akwai irin Olympus TG-6 da aka rufe ruf, tana nitsewa har mita 15.

Zafi ma haka: yawancin kamfanoni sun rubuta cewa kyamarorinsu na aiki daga digiri 0 zuwa 40, Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa sukan haura haka a watan Afrilu. Ƙaramin jiki ya fi saurin ɗaukar zafi in ana bidiyo. Kada a bar kowace iri a mota a rufe. Wajen batir DSLR ce sarauniya: D3500 an ƙiyasta mata hoto 1,550 a caji ɗaya, ƙananan kuwa tsakanin 200 da 'yan kai zuwa 300 da 'yan kai suke. Amma da yawansu, kamar RX100, suna caji da igiyar USB daga fawabank, abin da ke da daɗi a garin da wuta sai ta ga dama.

Mafi yawan masu karanta wannan ta hannu za su saya, ko a Titin Beirut a Kano, ko a kasuwannin Legas, ko wajen wani a intanet. Je da memorinka da wanda ya san kyamara, kuma kada ka biya kuɗin abin da ba ka riƙe a hannu ba. In mai canjin gilashi ce, tambayi adadin hoton da ta ɗauka, domin labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa yana da iyaka. Ƙananan DSLR akan ƙiyasta musu wajen 100,000. A Nikon adadin yana ɓoye cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da ke karanto shi. A Canon galibi sai an haɗa ta da kwamfuta. Wadda ta yi shekaru a hannun mai hoton biki za ka gane ta daga robar riƙo da ta saki da maɓallan da rubutunsu ya goge. Sa ƙofar gilashi a f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka faɗaɗa: ɗigo-ɗigo baƙaƙe ƙura ce, tana sharuwa, amma layi ko tabo mai tsawo na iya zama ƙarzuwa, wannan ka bar musu kayansu. Cire gilashin ka haska tocilar waya ta cikinsa. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ta fi yawa a kayan da suka zauna a gari mai laima, kuma tana yaɗuwa. Ɗora filas ka gwada a wurin, don wasu ƙananan Canon irin 4000D an cire musu fil ɗin tsakiya, ba kowane filas ke tashi a kansu ba. In ƙarama ce, kunna ta ka kashe sau da yawa, ka jawo gilashin har ƙarshe ka mayar, kana saurara da kunne: in ka ji gurzawa ko ya tsaya yana shakka a hanya, kada ragin da za a yi maka ya ruɗe ka, gyaransa yakan kusa kuɗin kyamarar. Sannan ka zare batirin ka ajiye shi a kan tebur mai santsi ka juya shi da yatsa. In ya yi ta juyawa kamar katantanwa, ya kumbura, sai a ba ka wani ko a cire kuɗinsa daga ciniki.